Wai mu ne Marta

Duk wanda ya zo Misa jiya a nan Bur Sudan ya ji da kunnensa, ba sai na maimaita ba. An nemi samari su taya ɗaukar jarkokin ruwa zuwa takiyya, wato ɗakin girkin da ake dafa wa 'yan gudun hijira abinci kyauta, ɗan'uwanmu mai digirin tauhidi ya gyara zaman tabarau ya ce mu ne Marta, shi kuwa Maryamu ce, ya zaɓi rabo mai kyau. Madalla, Malam! Allah ya ƙara basira. Ashe Luka 10, inda Marta take ta hidimar baƙi 'yar'uwarta Maryamu kuwa tana zaune tana sauraron Yesu, takardar hutu ce daga ɗaukar jarka, mu ne ba mu sani ba.

Ɗan'uwa, Maryamu a gaban Yesu ta zauna. Kai a gaban fanka kake zaune.

Tun da yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 mutanen Khartum, daga baya har da na Madani, suke kwana a azuzuwan makaranta. Tukunyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, ba ta dafa kanta. Matan Hausawan unguwarmu, Musulmi ne, ba su taɓa jin sunan Toma Akwinas, babban masanin tauhidin Katolika, ba, amma tun asuba suna gindin murhu, hayaƙi na cin idonsu. Kai da ka haddace shi, ina jarkarka?

Kar wani ya zo min da zancen wai ina ƙin ilimi. Ajiye wannan. Daniel Comboni, ɗan mishan daga Italiya, wanda makarantu a ƙasar nan suke ɗauke da sunansa, ya je babban taron Batikan na 1870 a matsayin masanin tauhidi na bishop ɗin Berona. Ya fi ka karatu nesa ba kusa ba. Bai zauna a Italiya yana juya shafi ba, ƙasar nan ya dawo, a Khartum ciwo ya kashe shi a 1881 yana da shekara 50. Ina jarkarka?

Masu cewa kowa da baiwarsa, na ji. Baiwar ci dai kowa yana da ita, na ga kwanonka ranar Lahadi.

Gaskiya abin ya yi min zafi ne don muna bukatarka. Akwai yara a sansanin nan da suka daɗe ba su ga allo ba. Akwai uwar da ta binne ɗanta a hanya, tana tambaya ina Allah yake ranar, ni kuma ban san me zan ce mata ba, sai in miƙa mata shayi. Kai ka karanta Littafin Ayuba da sharhinsa. Zo ka zauna da ita. Amma ka taho da jarka, don Yakubu, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, bai yarda a ce wa mayunwaci ya je ya ƙoshi a sallame shi hannu wofi ba.

Af, wanda ya ari babban ludayinmu tun makon Ista, don Allah ya dawo da shi. Na Hajiya maƙwabciyarmu muke ta ara, har kunya ta fara kama ni, ga gawayi ma ya yi tsada.