Mai ɗaukar hoton asibiti ba danna maɓalli kawai ya koya ba

A ƙauyukanmu na yankin Ringim, sau da yawa nakan ji ana cewa mai ɗaukar hoton ƙirji a asibiti wata biyu ko uku ya yi yana kallon wani, sannan aka bar masa na'ura. Ban ga laifin masu wannan zato ba, domin abin da majiyyaci yake gani bai wuce minti biyar ba, amma maganar tana damuna, saboda tana sa iyaye su raina karatun.

A Najeriya karatun digiri ne na shekara 5, kuma ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano. Ɗalibi yana karanta tsarin jikin ɗan Adam da kimiyyar hasken X-ray da ke ratsa jiki a ɗauki hoton, sannan ya yi ta zuwa asibitin koyarwa yana aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Bayan kammalawa sai ya ƙara shekara 1 ta horon aiki, kuma dole hukumar yi wa masu wannan sana'a rajista ta ba shi lasisi.

Idan dattijo mai tari ya zo, ma'aikacin zai tsayar da shi ƙirjinsa a jikin faifan da ke ɗaukar hoton, ya ce, "Baba, ja numfashi ka riƙe." Yana faɗin haka ne domin huhu ya buɗe sosai, kuma motsi kaɗan yana ɓata hoton har a sake, alhali kowace maimaitawa ƙarin haske ce a jikin mutum, wanda yawansa ke iya cutarwa. Shi ya sa ma yake tambayar mace ko tana da juna biyu kafin ya kunna na'urar.