Ba sai an sake rubuta SDL da JavaScript ba

Masu koyon haɗa manhaja da yawa sun ɗauka cewa kafin laburaren zane na kwamfuta irin su SDL ya yi aiki a burauza, dole a zauna a sake rubuta shi kaf da JavaScript, yaren da burauza ke aiki da shi. Ba haka ba ne. Emscripten, wanda Alon Zakai ya ƙirƙiro, yana ɗaukar lambobin C ko C++ yadda suke ya mayar da su WebAssembly, wani tsarin lambobi da burauza ke iya gudanarwa, wanda manyan burauzoji suka fara karɓa a 2017. Umarnin zane na OpenGL kuma a miƙa shi ga WebGL, takwaransa na burauza.

Inda gizo ke saƙa shi ne madaukin shirin. A kwamfuta, wasa yana shiga madauki ya yi ta juyawa: ya duba maɓallan da aka danna, ya zana hoto, ya koma farko. Burauza ba ta lamunci wannan ba. Idan ka riƙe mata hannu haka, shafin zai daskare, ko ɗigo ɗaya ba zai fito a allo ba. Sai dai ka ware aikin zagaye guda, ka ba ta ta hanyar umarnin emscripten_set_main_loop, ita ta riƙa kiran sa, galibi sau 60 a daƙiƙa. Wannan gyaran ne na fi so mai koyo ya fahimta da kyau, domin nan aka fi makalewa.

Fayiloli ma sai an haɗa su da shirin tun farko, tunda burauza ba ta barin a shiga faifan kwamfuta kai tsaye. Tsohon salon zane na OpenGL kuwa, wato glBegin da glEnd, babu shi a WebGL.