Waƙar da kake rerawa, ka san abin da take faɗa?

Ƙannena matasa, bari in fara tona wa kaina asiri kafin in taɓo naku.

Kwanakin baya ina zaune ina sauraron wata tsohuwar waƙa a waya, ina kaɗa kai, ina amshi kamar da ni aka tsara ta. Sai ɗan yayata, yaro ɗan shekara 11, ya dafa gwiwata ya ce, "Kawu, mene ne lifidi?" Na buɗe baki, na rufe. Na fi shekara 15 ina rera waƙar nan, kalmar tana bi ta bakina kullum, ban taɓa tsayawa na nemi ma'anarta ba. Na ce masa wani abin doki ne. Ya yi mini irin kallon da yara kan yi wa babba idan sun gane kame-kame yake yi. Sai da dare na duba ƙamus na ga ashe rigar kariya ce mai kauri, ana cusa mata auduga a ɗinke, mayaƙi ya sa, a sa wa dokinsa, don kada kibiya ko takobi su samu jiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai waƙoƙin ƙetare da na haddace tsaf, har na shiga intanet na nemo fassararsu baiti-baiti. Na yi wa baƙo hidima, ɗan gida kuwa ko ruwa ban ba shi ba. Kuma na san da yawanku haka kuke.

Kada wani ya ce mini ai Hausa ta fi ƙarfin mutuwa. Na yarda masu jin ta miliyoyi ne. Amma harshe da kalma ɗaya-ɗaya yake zubewa, kamar hatsi a buhu mai huji. Akwai wasu mutane da ake kira Ubik, waɗanda a da suke zaune a gaɓar Bahar Aswad, gefen tsaunukan Kokasas. A 1864 Rasha ta ci su da yaƙi, suka yi hijira zuwa ƙasar da ake kira Turkiyya a yau. Harshensu yana da baƙaƙe sama da 80, abin da har yanzu yake ba masana mamaki. A can suka riƙa yin Turkanci da harshen maƙwabtansu, saboda da su ake ciniki da neman aiki, nasu kuma aka bar wa tsofaffi. A 1992 wani dattijo mai suna Tevfik Esenç ya rasu, kuma shi ne mutum na ƙarshe da ya iya harshen sosai. Jikokin Ubik suna nan da ransu. Harshen kuwa sai a kaset da littattafan da masana irin su Georges Dumézil na Faransa suka tattara daga bakinsa.

Ba cewa nake ku daina koyon wasu harsuna ba, Allah ya kiyaye. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ba wanda ya tauye wani a bakinta. Ku koyi Ingilishi, ku koyi Faransanci, wanda ya ga zai iya Sinanci ma bismilla. Ni dai abin da ba na so shi ne mutum ya tashi ba tsuntsu ba tarko, nasa ya gurgunce, na aron kuma bai zauna ba.

To ga abin da nake roƙonku. Idan kuna jin waƙa, ku riƙa tsayar da ita a inda kalma ta shige muku duhu. Ku tambayi wanda ya girme ku tun yana da rai. In ba a samu ba, ƙamusun Bargery na 1934 yana da kalmomi kusan 39,000, ku buɗe shi ko sau ɗaya ku ga iyakar Hausar da kuke taƙama da ita. Littafi kuma a karanta shi har bangon ƙarshe. Gutsuren da ake yawo da shi a Facebook ba ya ƙosar da kowa. Sannan don Allah a riƙa sa lanƙwasa a rubutu, domin baki daban, baƙi daban.

Tun daga ranar na sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk kalmar da ta kayar da ni, a waƙa ko a karatu, sai in rubuta ta da inda na tsince ta. Yanzu sun kai 43. Jiya yaron ya dawo, na zauna na yi masa bayanin lifidi dalla-dalla, ina jin kaina malami. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To Kawu, shi kuma sulke fa?"