Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba: abin da ya same ni a Malesiya

Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta wannan, domin akwai wautar kaina a cikinsa, amma ganin yadda mutanenmu ke ƙara tururuwa zuwa ƙasashen Asiya, wasu karatu, wasu saro kaya, wasu ziyara, na ga gara in faɗa. Ra'ayina shi ne, mu da muka taso a ƙasar zafi muna da wani girman kai game da zazzaɓi, muna ganin babu wanda zai koya mana shi, kuma wannan girman kan ya fi sauron kansa haɗari idan mutum ya bar gida.

Abokina ne tun muna sakandare ya gayyace ni. Yana karatun digiri na uku a wata jami'a da ke gefen Kuala Lumpur, yana zaune da iyalinsa a hawa na tara na wani dogon bene a yankin Gombak, cikin jihar Selangor. Kafin in tashi daga Kano na yi duk abin da na ɗauka shi ne shiri. Na karɓi katin rigakafin ciwon shawara, wanda Malesiya ke nema daga duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu, sannan na biya kemis ɗin unguwarmu na sayi maganin maleriya mai ƙwaya 24 da ake sha cikin kwana uku, da katin ibufurofen saboda ciwon jiki. Da mai kemis ya tambaye ni ko zan ƙara da man shafawa na korar sauro, dariya na yi, na ce masa wanda sauron Fagge bai kashe ba, na ƙasar waje ba zai yi masa komai ba.

Makon farko ya tafi lafiya. Mun hau matakala 272 na kogon Batu Caves ina haki, mun yi sallah a Masjid Jamek, na saba da nasi lemak, wato shinkafarsu da ake dafawa da madarar kwakwa, da shayinsu mai kumfa da suke kira teh tarik. Zafin garin ba irin namu ba ne, domin babu bushewa a cikinsa, gumi ne ke manne wa mutum tun safe, kuma kusan kullum da rana ta karkata sai hadari ya haɗo a sheƙa ruwa. Abin da na fi so shi ne zama a ɗan lambun da ke ƙasan benen bayan la'asar, da gajeren hannu da silifa, ina kallon yara suna wasa. Na lura da wani ƙaramin sauro baƙi mai zanen fari a ƙafafu yana yawan sauka a idon sawuna, na kuma lura da allunan gargaɗi masu hotonsa a bakin lif, an rubuta denggi da manyan baƙaƙe. Ban tambayi ma'anarsu ba. A tunanina sauro da dare yake aiki, ni kuwa da dare ina ɗaki mai raga a taga.

A rana ta tara zazzaɓi ya rufe ni farat ɗaya, da ciwon kai da wani irin zugi a bayan idanu, kamar ana danna su daga ciki. Gaɓoɓina kuwa sai ka ce an yi mini dukan kawo wuƙa. Nan na yi kuskure biyu a jere. Na farko, na yanke wa kaina hukunci cewa maleriya ce na taho da ita daga gida, na fara shan maganina, na haɗa da ibufurofen safe da dare. Na biyu, na ɓoye wa mai masaukina. Ɗalibi ne mai iyali, kuɗin tallafin karatunsa a ƙididdige suke, kuma an raine mu a kan cewa baƙo raɓa ne, ba ya ɗora wa mai gida nauyi. Duk lokacin da ya leƙo ya ce, "Mutumina, lafiya kuwa?" sai in ce gajiyar tafiya ce ba ta sake ni ba.

Wannan kunyar ce nake so mu duba da kyau, domin muna yaba ta a matsayin tarbiyya, kuma a wurare da yawa tarbiyyar ce. Amma baƙon da ya ɓoye ciwo bai rage wa mai gida nauyi ba, ya dai jinkirta shi ne har sai ya yi girman da ba a iya ɗauka. Mai gidan shi ya san cututtukan garin, shi ya san asibitin da ke kusa da abin da ake cewa idan an je. Ni na hana shi amfani da wannan sanin har kwana uku, ina ganin kara nake yi masa.

Maiɗakinsa ce ta tona ni. A rana ta huɗu da fara ciwon zazzaɓin ya sauka, na fito falo ina murna ina cewa maganin Kano ya yi aiki. Ta dube ni, ta dubi jajayen ɗigo-ɗigon da suka feso mini a hannu, ta tambaye ni ko na ga jini a wani wuri. Na ce da safe da na goge baki na tofar da jini kaɗan, amma ai burushin ne sabo. Ba ta ƙara ce mini komai ba, ta juya wurin mijinta ta ce, "Abban yara, ɗauko makullin mota, yanzu." Ɗansu na fari ya taɓa yin ciwon, don haka ta san abin da ni ban sani ba, wato a zazzaɓin dengi, wanda allunan bakin lif ke gargaɗi a kansa, saukar zafin jiki ba alamar warkewa ba ce koyaushe. Sa'o'i 24 zuwa 48 da ke biyo baya su ne mafi haɗari, lokacin da ruwan jini ke iya tsiyayewa daga jijiyoyi, mutum ya galabaita ko ya fara zubar da jini.

A asibiti an gwada ni maleriya, tunda daga Najeriya na fito, ba a samu komai ba. Likitar ta gaya mini cewa maleriyar da ke yawo tsakanin mutane ta kau a ƙasar tun 2018, wadda ta rage ita ce wadda sauro ke ɗaukowa daga birai, galibi a dazukan jihohin Sabah da Sarawak. Gwajin dengi kuwa ya nuna akwai. Ƙwayoyin jinin da ke tsayar da zubar jini, waɗanda a jikin mai lafiya ba sa gaza dubu 150 a ma'auninsu, nawa sun faɗi ƙasa da rabin haka. Da na zaro katin ibufurofen daga aljihu na nuna mata, sai da ta ajiye biro. Ta ce wannan da asfirin su ne ainihin abin da ake hana mai dengi sha, domin suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol kaɗai aka yarda da shi. Wato kwana uku ina shan maganin cutar da ba ni da ita, ina kuma ƙara wa wadda nake da ita ƙarfi da hannuna.

Kwana huɗu na yi a kwance ana ƙara mini ruwa, ana ɗibar jini safe da yamma. Ciwon ba shi da wani magani nasa na musamman, lura ce da ruwa da haƙuri har jiki ya farfaɗo. Abokina ya ajiye rubutunsa yana kwana a kujera, yana kawo mini ruwan kwakwa da wani lemo da suke kira 100Plus, wanda kusan kowa a can ke kai wa mai dengi. Wata maƙwabciyarsu ta aiko da ruwan ganyen gwanda mai ɗacin gaske, na kurɓa don kada in ƙi alheri. Kuɗin asibiti kuma ya zo da nauyi, domin baƙo ba ya biyan farashin ɗan ƙasa, ni kuwa ban yi inshorar tafiya ba saboda na ɗauke ta ɓarnar kuɗi. Nauyin da na guje wa ɗora masa, sai ga shi na ɗora ninki.

Bayan na samu sauƙi ne na fahimci girman abin. Sauron nan mai zanen fari, Aedes, da rana yake cizo, musamman da sassafe da kuma gab da magariba, daidai lokacin zamana a lambu, kuma yana ƙyanƙyasa ne a ruwa mai tsabta da ya kwanta a tukunyar fure ko tsohuwar taya ko murfin roba. Shi ne dai mai yaɗa shawarar da na yi taƙama da katinta. A 2019 kaɗai Malesiya ta samu masu dengi sama da dubu 130, kuma Selangor ce kan gaba. Suna da doka tun 1975 da ke ba jami'an lafiya damar cin tarar gidan da aka samu tsutsar sauro a cikinsa. Ƙwayar cutar iri huɗu ce, wanda ya warke daga ɗaya bai tsira daga sauran ukun ba, kamu na biyu ma ya fi yiwuwar tsananta. Wannan bayanin na ƙarshe har yau yana raina.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu hawa jirgi ce. Ban yarda ba. A ƙarshen 2023 hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato, a shekarar ce kuma ta kashe ɗaruruwan mutane a Burkina Faso. Sauron yana nan a randunanmu da tayoyin da ke jibge a bakin gareji. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda a wurinmu zazzaɓi suna biyu kawai gare shi, maleriya ko taifod, kuma mai kemis kan haɗa maganin duka biyun da na ciwon jiki a leda ɗaya ba tare da an ɗibi ɗigon jini ba. Na sha tambayar kaina mutum nawa ne aka ce maleriyarsu ta ƙi jin magani, alhali tun farko ba ita ba ce.

Ranar da aka sallame ni mun iske ma'aikatan lafiya da abin rufe hanci suna bin benen da injin feshi, hayaƙi fari ya turnuƙe lambun da nake zama, domin asibiti na kai rahoton duk wanda ya kamu. Wani jami'i ya hau har hawa na tara, ya ɗaga tukwanen furen da ke baranda ɗaya bayan ɗaya yana haska ƙasansu da tocila. Abokina ya tsaya a bayansa yana addu'a a ransa kada a samu komai, don bayan kuɗin asibitina ba shi da na biyan tara.