Ga Tiga, ga Challawa, amma famfonmu a bushe

Tun kafin a kira sallar asuba 'yata take fita da jarka biyu ta kama layi a rijiyar burtsatsen wani maƙwabci. Shekararta 11. Ranar da babu wuta injin ba ya jan ruwa, haka za ta dawo hannu rabbana, ta tafi makaranta a makare, ba wanka, a tare ta a bakin ƙofa da bulala. Wallahi abin nan ya kai ni bango.

Shekara tara ke nan ina zaune a bayan Dorayi, ban taɓa ganin ɗigon ruwa ya fito daga famfon tsakar gidana ba. Kansa ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Kullum sai mun jira 'yan garuwa da kurarsu, su ma idan zafi ya tsananta sai ka roƙe su kafin su karkato layinku, kuɗin jarka kuma ya ninka. Ruwan da za su juye maka wata rana ja-ja yake, sai an jefa alam a randa an jira laka ta kwanta kafin maiɗakina ta ɗora tukunya.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Kano ba ta rasa ruwa ba. Tun zamanin Audu Bako aka gina madatsar Tiga. Ga Challawa Gorge a Ƙaraye da aka kammala a 1992. Ga matatun ruwa a Tamburawa da Watari. Kai, tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero ake turo ruwan kogin Challawa cikin birni ta bututu. To me ya hana shi isowa gare mu?

Gari ne ya faɗaɗa, bututu bai bi shi ba. Gaida, Ɗanbare, Rijiyar Zaki, Rimin Kebe, wuraren da jiya-jiya ake noman dawa da gero, yau gidaje ne jere ba iyaka. An yanka filaye, an sayar, an karɓi kuɗin takarda, amma ba wanda ya tuna mutanen da za su zauna a ciki za su sha ruwa. Tsofaffin bututun ma, idan aka zo aikin titi a fasa su, a binne, a wuce.

Yanzu duk mai hali ya haƙa burtsatse a gidansa, rijiyoyinmu na gado sai ƙafewa suke. Wasu ma dab da masai aka haƙa su, sannan damina ta zo a ce amai da gudawa ya ɓarke, a ɗora laifin kan ƙazantar talaka.

Masu riƙe da wannan amana, ku ji tsoron Allah, ku shimfiɗa mana bututu. Za mu biya kuɗin ruwa duk wata ba gardama, don abin da nake ba mai kura a wata guda ya fi kuɗin makarantar yarinyar nan. Yau ma tun ƙarfe huɗu ta fita.