Kafin ku juya dalar Walmart zuwa naira

Jama'a duk sanda aka ce ma'aikacin Walmart, babban kamfanin kantunan nan na Amurka, yana karɓar dala 14 a awa sai in ga mutanenmu sun ɗauko waya suna juyawa zuwa naira, wai ai wannan ya yi sallama da talauci. Wallahi abin yana min ciwo, don ba mai tambayar awa nawa ake ba shi a sati, in ya kwanta ciwo kuma wa zai biya asibiti.

A can fa asibiti ba wasa ba ne, in ba ka da inshora kwana biyu a gado sai ya lashe albashin watanni. Dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, wato Obamacare, ta ce mai yin awa 30 a sati dole babban kamfani ya ba shi inshora ko ya biya tara, to a 2014 sai Walmart ta sanar ta cire masu ƙasa da awa 30 daga inshorarta, mutum kusan 30,000. Kuma ba ranar aka fara ba, tun 2005 jaridar New York Times ta bankaɗo wata takardarsu ta cikin gida da ke ba da shawarar a ƙara masu aikin rabin lokaci, a sa har mai karɓar kuɗi a kanta ya riƙa fita tattaro kekunan sayayya, don mai raunin jiki ya ji tsoron neman aikin tun farko. Ita takardar da kanta ta amsa cewa kashi 46 cikin 100 na 'ya'yan ma'aikatansu ko ba su da inshora ko suna kan Medicaid, wato ta gwamnati ta talakawa.

A 2020 ma ofishin bincike na majalisa, GAO, ya gano Walmart tana sahun gaba a kamfanonin da ma'aikatansu ke rayuwa da Medicaid da tallafin abinci. Kenan mai biyan haraji ke cike giɓin albashin, alhali iyalan Walton masu kamfanin suna cikin mafiya kuɗi a duniya, haba dan Allah.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na garin Canton a jihar Ohio a 2013. An jera robobi a ɗakin ma'aikata da takarda a manne, ana roƙon su jefa kayan abinci don abokan aikinsu mabuƙata su samu na cin bikin Thanksgiving, wato bikin godiya da Amurkawa ke yi duk shekara. Mutum ya wuni a tsaye yana jera shinkafa da gwangwanaye a kanta, ƙafafunsa sun kumbura, ya tashi aiki kuma sai ya leƙa robar nan ya ga ko an saka wani abu da zai kai wa yara.