Ba kowane mai bikin Kirsimeti ne ke zuwa coci ba

Mutane da yawa a Zariya, idan suka ga titunan Landan a talabijin sun sha ado da fitilu a watan Disamba, sai su ɗauka ibada ake yi a kowane gida. Ba haka abin yake ba. Muna wannan zato ne saboda abin da muka saba gani a Wusasa da Sabon Gari: ranar 25 ga wata a yi sammakon zuwa coci cikin sanyin hunturu, a dawo a aika yara da kwanon shinkafa da kaza gidan maƙwabta. A nan addini ne ginshiƙin ranar.

Can kuwa, a ƙidayar 2021, kashi 37 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales sun ce ba su da addini. Da yawansu suna bikin, amma a matsayin hutun ƙarshen shekara da zumunci: a ƙawata bishiya, a naɗe wa yara kyaututtuka, a hallara gidan kaka a ci talo-talo. Babu addu'a, babu coci. Wasunsu ma ba sa yi sam, don haka bai dace a yi musu kuɗin goro ba.

A Japan, inda Kiristoci 'yan ƙalilan ne, soyayyar kazar gidan sayar da abinci na KFC ta zama abincin bikin a gidaje da dama tun shekarun 1970.